Kafin ka ɗauko zomo ka kai gida, san irin da ka ɗauko

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka shi daɗe. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wagga jarida tamu in yi magana kan wani abu da mutane ka iya gani ƙarami, amma ni dai shina ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ɗauko zomaye ana kaiwa gida don yara ko don sha'awa ba tare da an san ko wane iri ne ba, daga baya dabba ta wahala ta mutu a ce ai zomo ba shi da rai. Nan Sakkwato duk bayan Sallah za ka ga yara sun tara kuɗin barka da Sallah, wani shi sayi tantabara wani shi sayi zomo, yanzu kuma har da manya, matan aure da 'yan mata da samari, don an ga hotunan zomaye masu kyau a TikTok da Facebook kowa na son shi aje nashi. Ba laifi ba ne, ni ma ina kiwonsu a gida da daɗewa kuma ina jin daɗin zama da su, zomo in ya saba da kai har gudu shike ya tarbe ka ya riƙa zagaya ƙafarka. Amma dabba ce da in an kula da ita tana kai shekara 8 har 12, to kun ga ba abin wasan sati biyu ba ne.

A Ingila da Amurka akwai gidajen da ake tara dabbobin da masu su sunka gaji da su ko sunka yasar, ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ta Ingila, wadda anka kafa tun 1824, tana wanga aiki, a Amurka kuma akwai House Rabbit Society da anka kafa a 1988 don zomaye kawai. Mutum zai je can a yi mishi tambayoyi, ina za ka aje shi, mi za ka ba shi, akwai yara ƙanana a gidan, sannan a ba shi zomon da likita ya riga ya duba. Mu nan abin da muke da shi a madadin haka shi ne maƙwabcin da zomaye sunka yi mishi yawa, ko ɗan bautar ƙasa da ya gama zai koma garinsu, ko iyalin da anka yi wa canjin wurin aiki, ko yaron da babanshi ya ce a fitar mishi da su daga gida don sun tone gindin katanga. Sai ka ga an sa a guruf na WhatsApp, wa ke son zomo kyauta ko a ba da abin da ya sawwaƙa. Ni a ganina karɓar irin waɗanga ya fi zuwa sayen sabo lada da amfani, don babba ne ka ga girmanshi ka ga halinshi, amma ko nan ɗin ma wanda zai ba ka yawanci bai san irin da ke hannunshi ba, sunan da mai sayarwa ya faɗa mishi shi zai maimaita maka.

Abu na farko da nike son mutanenmu su rarrabe shi ne zomon daji da zomon gida, don ba dabba ɗaya ba ce ko kaɗan. Duk zomon gida da ke duniya, fari ko baƙi, ƙato ko ɗan mitsitsi, asalinshi guda, zomon Turai ne da ya fito daga yankin Sifen da Fotugal, shi ne mai tona rami. Namu na daji wanda mafarauta ka kamowa wani jinsi ne daban, ba shi tona rami, kwanciya shike cikin ciyawa, kuma ko ka haɗa su keji guda ba su haihuwa tare. Ɗan zomon gida ana haihuwarshi tsirara ba gashi ido rufe, sai wajen kwana 10 idon ke buɗewa, shi ko na daji da gashinshi da idonshi buɗe ake haihuwarshi. In yaran ƙauye sunka kawo maka ɗan zomo ruwan ƙasa mai dogayen ƙafafun baya da dogon kunne mai baƙi a can ƙarshe sunka ce sun tsince shi uwar ta gudu, don Allah kada ka karɓa da sunan za ka rene shi. Uwar ba guduwa ta yi ba, haka suke, tana barinshi ɓoye ta dawo ta ba shi nono ta sake tafiya. Ba shi sabo da mutum, cikin keji zai yi ta dukan waya da kai har shi ji ciwo, yawanci ƙin cin abinci suke su mutu.

To mu dawo kan na gida. Wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne fari fat mai jan ido, kuma kowane fari mai jan ido sai ka ji an ce New Zealand White ne ko a ce Hyla ne don a ƙara kuɗi. Jan idon nan ba alamar iri ba ce, zabiyanci ne kawai, babu launi a jikin shi ya sa kake hango jinin cikin ido, kuma ana samun haka a iri da yawa har da gauraye. New Zealand na gaske, wanda a Amurka anka samar da shi, in ya girma shina kai kilo 4 zuwa 5 har da ɗoriya, jikinshi a cike, ƙugu da kafaɗa masu faɗi, kunnuwa a tsaye masu kauri ba masu tsawo can ba. In ka ga fari mai jan ido ya shekara amma bai wuce kilo 2 da rabi ba, siriri mai tsinin fuska, to ruwa biyu ne, kuma ba aibu ba ne. Shi ko Hyla ba tsohon iri ba ne, haɗi ne da kamfanoni sunka yi don nama, shi yi saurin girma a yanka, shi ya sa masu gonar zomo ke rububinshi. Wanda ke son abokin zama a gida mi zai kai shi biyan kuɗin Hyla? Ci gare shi, nauyi gare shi, zafi kuma na kada shi da wuri.

Akwai wani farin da nike son in tsaya a kanshi don yanayin garinmu na ɓad da kamanninshi, shi ne Californian. Wani mai kiwo George West ne ya samar da shi a Kalifoniya cikin shekarun 1920. Shi ma fari ne mai jan ido amma hanci da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa mai duhu. Abin mamakin shi ne launin nan da sanyi shike tafiya, sinadarin da ke sa gashin shi yi baƙi ba shi aiki sai a wuraren jiki da sunka fi sanyi, shi ya sa sai a ƙarshen gaɓoɓi kake ganinshi, kuma ɗiyan farare tas ake haihuwarsu daga baya baƙin ke fitowa. To a Sakkwato gashin da ya tsiro da bazara sai ka ga ya koɗe, hancin ya koma toka-toka, ƙafafun kamar ba komi, in hunturu ya shigo ya sake gashi baƙin ya dawo. Na ga mutum ya tada hankali wai an musanya mishi zomo ko wata cuta ce ta kama shi, alhali lafiya lau, zafi ne kawai. Don haka in an ba ka fari a watan Afrilu ka duba hanci da bakin kunne da kyau cikin haske, in akwai ɗan duhu to akwai jinin Californian a ciki, kuma ka sa ran zai kai wajen kilo 4.

Sai ruwan toka da ake ce ma Chinchilla, wanda ya fito daga Faransa, a 1913 anka fara nuna shi. Shi wanga gane shi ba wuya. Ka ɗora shi bisa cinya ka hura iska da baki a bayanshi, gashin zai buɗe ka ga zobe-zobe, can ƙasa kusa da fata toka mai duhu, tsakiya fari-fari, sama kuma baƙi da fari a gauraye, ciki da ƙarƙashin wutsiya da kewayen ido kuma haske. In ka hura ka ga zoben tsakiya ja-ja ne ko rawaya to ba Chinchilla ba ne, launin asali ne na kakanninsu. In kuma launi guda ne daga sama har ƙasa to toka ne kawai. Dutch kuma ko yaro na gane shi, farin layi daga hanci zuwa goshi, kumatu da kunnuwa masu launi, gaban jiki fari, bayan jiki baƙi ko ruwan ƙasa an raba tsaf, ƙarshen ƙafafun baya fari. Ba shi wuce kilo 2 zuwa 2 da rabi, shina da haƙuri, kuma cikin duk masu suna shi na fi ba masu yara shawara a kai. Wanda farin ya karkace ko ya tsaya a ƙafa guda jinin Dutch ne ya gauraya, irinsu sun cika gari. Akwai Rex mai gajeren gashi a tsaye, in ka shafa kamar karammiski, gashin bakinshi a nannaɗe, shi matsalarshi tafin ƙafa, gashin wurin ba kauri don haka wayar keji na yi mishi gyambo. Akwai mai ɗigo-ɗigo da baƙin layi bisa gadon baya, akwai Harlequin mai rabin fuska ja rabi baƙi, waɗanga duk matsakaita ne ba su da wata rigima ta daban.

Inda rigimar take, Malam Edita, ita ce wurin waɗanda ake yayi yanzu, masu kyau a hoto. Na farko ƙaramin nan Netherland Dwarf na ƙasar Holan, wanda ko ya tsufa ba shi wuce wajen kilo 1. Kowa na son shi don ba shi cin wuri. Sai wani shi ɗauko ɗan sati 4 na babban iri shi ce maka ai wanga ba shi girma, haka zai tsaya, ka saya ka yi mishi ɗan keji, bayan wata biyar ya cika kejin ko juyawa ba shi iyawa. Ga yadda za ka gane. Ƙaramin iri na gaske kanshi a dunƙule, fuska gajera, ido manya, wuya kamar babu, kunnuwa 'yan gajeru wajen santimita 5 kuma kusa da juna. Jaririn babban iri ko, tun shina ƙarami kunnuwa da ƙafafun baya sun yi mishi yawa, fuskar doguwa. In kana shakka ka ce a nuna maka uwa da uba, in an fara kame-kame ka san inda anka dosa. In kyauta ce anka ba ka ba iyaye a kusa, ka kai shi wurin mai sikeli a auna, bayan sati biyu ka sake aunawa, jaririn babban iri ba ya ɓoyuwa. Sannan ɗan sati 4 ma bai kamata a raba shi da uwa ba, cikinshi bai yi ƙwari ba, gudawa kaɗan sai mutuwa, gara a bari shi kai sati 8. Wani abu kuma ga masu son haɗa ƙananan nan su haihu, in uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar ƙanƙanta, kusan ɗaya cikin huɗu na ɗiyan na zuwa da nakasa, 'yan firit da su, ba su rayuwa. Kuma ƙananan nan ba su ne sunka dace da yara ba, sun fi firgita, sun fi yakushi, ƙashinsu ba ƙwari, faɗuwa guda daga hannun yaro ta isa ta karya mishi baya.

Na biyu masu kunne a zube, Holland Lop da 'yan uwanshi. Wallahi suna da kyau ba musu, amma mutane su san abin da kunne ke yi ma zomo. Zomo ba shi zufa irin tamu, ta kunne shike fitar da zafin jiki, jini shi bi jijiyoyin kunne iska ta buga shi huce. Kunnen da ke zube ba shi samun iska kamar tsayayye, ramin kunnen kuma a lanƙwashe, dauɗa na taruwa ciki ciwon kunne shi kama. Su da ƙananan can duka gajeren muƙamuƙi gare su, haƙoran zomo kuma ba su daina tsiro har shi mutu, in na sama da na ƙasa ba su haɗu daidai ba ba su goge juna, sai su yi ta tsawo su nannaɗe har dabba ta kasa cin abinci, ka ga yawu na zuba haɓa a jiƙe. Don haka duk zomon da za ka karɓa ka ɗaga leɓe ka duba, na sama su ɗan rufe na ƙasa, madaidaita. Kuma ba kowane zubabben kunne ne iri ba. Na taɓa ganin zomo a hannun wani mai talla kunne guda a zube shina rantsuwa ɗan waje ne, da na buɗe kunnen ciki cike da ɓawo mai ruwan ƙasa, dabbar na ta girgiza kai tana susa da ƙafa, ƙwarin kunne ne sunka kada kunnen. Wanga likita na maganinshi da aibamektin cikin sauƙi, amma kada a ɓanɓare ɓawon da hannu, raɗaɗi gare shi, da kanshi shike zubewa in magani ya ci. Wanda ke da jinin Lop rabi kuma za ka ga kunne guda sama guda ƙasa ko duka a kwance gefe, amma cikin kunnen tas.

Na uku, wanda ya fi ba ni tausayi, Angora. Asalinshi Ankara ta Turkiyya, don ulu ake kiwonshi, gashin na ta tsawo sai an aske. A ce wanga dabba ce za a kawo garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, a sa ta kejin da rufinshi kwano, ga ba wuta balle fanka. Zomo ko mai gajeren gashi ne daga digiri 30 ya fara shan wuya, in an haura 35 rai na cikin hatsari. Ban da zafi, gashin Angora in ba a taje shi kullum dunƙulewa shike, fitsari shi jiƙa shi, ƙuda su yi ƙwai a ciki tsutsa ta fara cin fata, sannan zomo lasar jiki shike kuma ba shi iya amai, abin da ya haɗiye sai dai shi bi ta ƙasa. Ƙanenshi Lionhead mai geza a kewayen kai da gajeren gashi a sauran jiki ya fi dama-dama, amma shi ma sai da taza. Haka ƙaton nan Flemish Giant na Beljiyam da ke kai kilo 6, 7 har sama, samari na son shi don a ce wane ke da babban zomo a unguwa. Shina da sanyin hali ƙwarai amma wuri shike so mai faɗi, da ƙasa mai laushi ko katako don nauyinshi na cin tafin ƙafa, ga ci, ga shi ƙaton jiki ba shi saurin hucewa. Ni ban ce kada kowa ya riƙe su ba, wanda ke da ɗaki mai sanyi da sola da lokaci bismillah, amma wanda zai aje a tsakar gida ya fita kasuwa tun safe sai magariba, don girman Allah shi haƙura.

Gaskiyar magana mafi yawan zomayen da ke hannunmu gauraye ne, New Zealand da Chinchilla da Dutch da Californian sun cakuɗe tun da daɗewa, kuma ni su na fi so ma wanga gari. Matsakaicin jiki, gajeren gashi, manyan kunnuwa a tsaye, an haife su nan iyayensu ma nan, sun ga bazara sun tsallake. Ko can Turai ma'aikatan gidajen dabbobi sau da yawa kintata suke daga nauyi da kunne da gashi da siffar kai. To mu ma abin da muke buƙata ke nan, ba takardar asali ba. In ka san iyakar girman da zai kai ka san kejin da za ka yi, in ka san gashinshi ka san aikin da ke gabanka, in ka san siffar kanshi ka san ko za ka riƙa sa ido kan haƙori.

Sai jinsi, don nan ma ana kwasar mutane. A ba ka biyu a ce duka mata ne, bayan 'yan watanni ka tashi da safe ka tarar da ɗiya cikin gashi. Cikin zomanya wata guda ne kacal, wajen kwana 31, kuma ranar da ta haihu in namiji na nan tana iya ɗaukar wani. Ƙananan iri tun wata 4 sun balaga, manya sai wata 6 zuwa sama. Namiji daga wajen wata 3 marainanshi na bayyana, mace babba kuma sau da yawa tana da tattarar fata ƙarƙashin haɓa, daga nan da ƙirji take tsige gashi ta yi ma ɗiya shimfiɗa. Maza biyu da sunka balaga faɗa suke har jini. Wanda ke son su zauna biyu ba haihuwa, don zomo ba shi son kaɗaici, to shi je a yi ma namijin fiɗiya wurin likita, ba a gida da reza ba. Alhamdu lillahi muna da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta nan cikin gari, ba sai an je Zariya ko Vom ba.

Wanda ya riga shina da zomaye a gida kuma ya karɓo sabo, kada shi haɗa su ranar. A ware shi aƙalla sati biyu, in da hali wata guda, da kwanon ruwanshi daban. A 2020 cutar nan mai sa zomo zubar jini ta ɓulla a Najeriya ta wajen Kwara da Oyo ta kashe zomaye masu yawan gaske, dabba na lafiya da dare da safe a tarar da gawa wani lokaci da jini a hanci, kuma yawancin masu tsadan nan daga kudu ake loda su a mota a kawo mana. A duba hanci ba majina, cikin ƙafafun gaba ba danshi don da su shike share hanci, ƙarƙashin wutsiya ba gudawa, hanci da yatsu ba kirci. Kashinshi shi zama ƙwaya-ƙwaya busasshe. In ka ga shina cin wani kashi mai laushi kai tsaye daga jikinshi ba ƙazanta ba ce ba kuma yunwa ba, halittarshi ce, da shi shike samun wasu sinadarai. Abin tsoro shi ne zomo shi wuni bai ci ba bai yi kashi ba, wanga ba a jira gobe.

Kuma don Allah a daina zuwa kemis ana sayo maganin mutane ana ɗura musu. Amoksisilin da ampisilin da muke sha kamar ba komi, in anka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin cikinshi masu amfani, gudawa ta ɓalle shi mutu. Wata baiwar Allah a unguwarmu haka ta rasa nata guda biyu, mai shago ya ba ta kafso ya ce ta buɗe ta zuba a ruwa don atishawa kawai. Maganin ƙuma na karnuka mai fifronil shi ma guba ne gare su. Abinci kuma ko wane iri ne tushenshi ciyawa da harawa, ta wake ko ta gyaɗa, mai tsabta wadda ba ta yi fumfuna ba, ita ke goge haƙori ita ke tafiyar da ciki. A ƙara da ganyen dankalin Hausa, ganyen karas, zogale kaɗan, abin da ake samu wurin masu lambu na Kwalkwalawa da sauran fadamun Rima, a wanke don feshi, a bari shi sha iska. Dusa kaɗan. Karas ɗin kanshi zaƙi ne, ɗan yanki ya isa. Tuwo da burodi da biskit da yara ke tura musu ba abincinsu ba ne. Ruwa kuma kullum, maganar wai zomo ba shi shan ruwa ƙarya ce da ta kashe da yawa.

Da bazara keji shi kasance ƙarƙashin inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗora zana ko kara bisa kwanon rufin, a rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, in an samu ƙanƙara a sa gora cikin tsumma shi kwanta jikinta, ko a aje tulu mai ruwa shi jingina. In ka ga ya miƙe shina haki, kunnuwa sun yi ja da zafi, hanci a jiƙe, ka shafa mishi ruwa mai ɗan sanyi a kunne ka kai shi ɗaki, kada ka tsoma shi cikin bokiti. A tsare shi daga mussa da kusu da shaho, in kuma cikin ɗaki shike yawo a ɗauke wayar caja da ta sola don sai ya gwaguye. A hana yara ɗaukarshi ta kunne, hannu guda a ƙirji guda a ƙugu a manna shi da jiki. Dukanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, to zomon da ke keji cikin rana ba ruwa hakkinshi na kan mai gidan, ba kan yaron da ya sayo ba. Wanda ya ga ba zai iya ba shi nemi mai karɓa, in naman shike so halal ne shi yanka yadda shari'a ta ce, amma kada a kai shi bayan gari a sake wai shi koma daji, zomon gida ba shi da dajin komawa, karnuka ne za su gama da shi.

Roƙona gare ka Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ku ba likitocin dabbobi fili su kawo hotunan ire-iren nan da Hausa, kusa-kusa yadda za a ga kunne da hanci da gashi, don mai saye shi riƙe a waya in ya je. Ɗalibanmu na likitancin dabbobi kuma da samarin da ke kiwo a Mabera da Arkilla da Runjin Sambo da Gidan Igwai, ku haɗa kai ku buɗe ko da guruf ne guda da aka sani, wanda ya gaji da zomonshi shi sanar, a auna shi a duba haƙori da kunne da jinsi a rubuta, a tambayi mai karɓa inda zai aje shi kafin a miƙa mishi. Ni a shirye nike in ba da keji biyu da harawa in an fara kafin bazara ta shigo.

Wassalam, na gode.

Naka mai karatu,
daga Mabera, Sakkwato.